Tukunya Ba Mariƙi

A Kutaisi, tun kogin Riyoni bai ga rana ba,
nakan sunkuya in manna ƙullin burodi a bangon tanderu.
Eteri, 'yata, tana saman bene
ita ma tana manna nata, takardu ne, a bangon ɗaki.

Bara Turancinta mai sauƙin kai ne.
Ta ɗaga cokali ta faɗi sunansa,
ta nuna allura, auduga, gadon majinyaci,
har ni da boko bai ratsa ni ba
na tsinci biyu-uku na sa a aljihu.
Bana aka ce jarrabawar ta wuce cokali.
Asibitin Dublin na neman mai jinya
da ta san sunan abin da ido bai taɓa gani ba.

Kalmomin dogaye ne, wutsiyarsu iri ɗaya,
shan, shan, shan,
kamar an yayyafa ruwa a garwashi.
Na ce, nuna min guda in gani.
Ta ce, Baba, waɗannan ba a nuna su.
Na ce, to tukunya ba mariƙi, ta ina ake sauke ta?
Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Daren nan ta haddace arba'in,
gari ya waye saura shida.

Ran Talata sai ga ta ta sauko da takardun a cikin kwano.
Ba ta ce min komai ba.
Ta liƙa ɗaya a jikin sikelin mahaifiyarta, Tsiyala,
wanda har ta rasu bai taɓa cin giram ɗin kowa ba.
Wannan, in ji ta, riƙon amana kenan,
amma nasu ya fi faɗi, ya haɗa har da lokacin da ba mai kallo.
Ta liƙa wata a littafin bashi,
daidai sunan Goca da bai biya ba tun sanyin bara.
Sassauci.
Na ce ƙarya ne, mantuwa ce kawai.
Ta ce ita ma mantuwar tana da takardarta, tana zuwa.

Wasiƙar dillalin aiki, mai cewa e tana cewa a'a,
ta sami tata: harshen damo.
Akwatin da ta saya tun watan Maris,
har yau da ledarsa a bayan ƙofa,
ta daɗe a tsaye kansa kafin ta liƙa.
Ban tambaya ba. Na san jan ƙafa in na gan shi.

Sai ta kamo hannuna na dama,
wanda wuta ta aske shekara talatin da ɗaya,
gashi ko ɗaya bai sake tsirowa ba,
ta ɗora takarda ta danna da babban yatsa.
Na ce cire, za ta kama da wuta.
Ta ce ai ma'anarta kenan, abin da ke shiga wuta ya fito.
Na wuni da ita, masu sayen burodi na ta min tsiya.

Ta ci jarrabawar. Ta tafi da damina.
Takardun sun bi tururi sun faɗo ɗaya bayan ɗaya,
na share su tare da gari.

Jiya na ja kujerarta zan goge ƙasa,
sai ga wata a ƙarƙashin mazaunin,
gam ɗinta bai saki ba.
Harufa tara, na ƙirga sau biyu.
Na nuna wa Zurab, ɗan makarantar da ke zuwa da sassafe.
Ya juya ta, ya motsa baki,
ya ce ba su zo nan ba tukuna.

Tana kira ran Lahadi. Zan iya tambaya.
Na mai da kujerar inda take,
burodi na jira.