Taswirar Bappa Tukur

A ƙasan adakarsa na same ta,
ƙarƙashin takardun fansho da tabarau mai ƙafa ɗaya,
an ninke ta gida takwas.
Gara ta fara ta gefen yamma,
ta haɗiye rabin Gombe, ta bar mini sauran.

Shekara talatin yana jan sarƙar awon ƙasa.
Ya sha zaunar da ni a kan tabarma:
"Hansatu, duba.
Inda layuka suka matsu kamar haƙoran mataji, dutse ne.
Inda suka saki jiki, fili.
Shuɗin zare ruwa ne, ko kin tarar da shi a bushe."
Ni kuwa sai hamma.
Na ce, "Bappa, ai yanzu waya ke jagora."
Ya ninke abarsa, bai ce uffan ba.

Bayan arba'in ɗinsa na fita neman Wuro Nange,
inda aka binne cibiyarsa.
Mun wuce Kwadon da hantsi, mun sauka daga kwalta kafin Hinna.
Matar cikin waya ta ce hagu, muka yi hagu.
Ta sake cewa hagu.
Daga nan ta yi gum,
ta bar mu tsakiyar dawa da ta fi mu tsawo.

Manu ɗan acaɓa ya kashe babur, ya girgiza tanki, ya dube ni.
Mai kiwo ya nuna gabas da sanda.
Mai ɗauke da itace ta nuna kudu da leɓe.
Wani tsoho ya ce sunan bai yi masa baƙo ba,
sai dai ya manta a bakin wa ya ji shi.
Sau biyu muka wuce giginya guda,
karo na uku har kunyarta na ji.

Sai na shimfiɗa takardar a kan sirdin babur,
na danne ta da tsakuwa huɗu.
Ranar la'asar na hagu, to, ga arewa a gabana.
Ga zobba biyu manne da juna,
na ɗaga kai, ga dutse mai doro biyu yana kallona
kamar ya daɗe yana jiran in gaishe shi.
Na karya tsinke, na auna:
gaɓar yatsa biyu da rabi.
Muka bi shuɗin zare, yashi ne zalla,
Manu na tura babur yana ƙunƙuni.

Inda takarda ta ce gari, sai ga ruwa.
Ruwa har inda ido ya gaji.

Wani masunci, Barde, yana ɗinkin koma.
Na faɗi sunan, ya ajiye allura.
"Kina tsaye a bakin ƙofarsa," in ji shi.
Ya tuƙa ni cikin kwalekwale, can ya tsai da filafili.
"Nan komarmu ke maƙalewa.
Kututturen tsamiyar kasuwarsu ne."

Na tsoma hannu har gwiwa.
Sanyi kawai.

Ba ta yi mini ƙarya ba, Bappa.
Ta girmi madatsar Dadin Kowa ne, shi ke nan,
tana faɗin abin da ta gani da idonta.
Na ciro biro daga jaka,
na shafa shuɗi a kewayen ɗigon, a hankali,
sunan kuwa ban taɓa shi ba.

Da za mu koma, magariba ta kawo jiki.
Manu ya tsaya a mararraba, ƙafa ɗaya a ƙasa,
ya ce, "Hajiya, ina muka nufa?"
Ban ciro waya ba.
Na ce, "Ka sa dutsen nan a bayan kafaɗarka ta dama,
kada ka bari ya zame."