Ƙwallayen Tsamiya

Shekara ashirin da shida Hudu na awo
a layin hatsi, kasuwar Gujungu.
Tiya ba ta taɓa yin ƙarya a hannunsa ba.
Bana ne lissafi ya fara zille masa:
sha shida, sha bakwai,
sai wuya ya langaɓe,
gero na tsiyaya a bayan buhu,
mai saye na tsaye, kajin kasuwa na shi masa albarka.
Ya buɗe ido ya ce, "Nawa muka ce?"

Aka ce shawara ce, muka jiƙa sassaƙe.
Aka ce hannu aka sa, ya sha rubutu.
Da aka ce son jiki ne
bai ci tuwo ba ranar.

Talata muka je ɗakin shan magani.
Malama Safara'u ba ta ɗauko allura ba,
tef ɗin tela ta zagaya a wuyansa,
ta rubuta, ta jawo wata takarda.
"In kana jin rediyo, barci kan sace ka?
Babu, kaɗan, sau da yawa, ko kullum?"
Ya ce kaɗan.
Na ce kullum.
"A mota fa?"
Ya ce babu.
Na ce wa aka wuce da shi har Ringim
da kuɗin mota na zuwa Taura?
"In liman na huɗuba?"
Nan ya tsura wa takalminsa ido,
ni ma na rufa masa asiri.

Ta haɗa lissafi ta ce ya haura.
Ta ce, "Akwai na'ura a Kano
mai kwana da mutum tana ƙirga numfashinsa,
amma layi ya kai bayan Babbar Sallah.
Kafin nan, Tabawa, ke ce na'urar."

Na tara ƙwallayen tsamiya a gefen zane,
na aje kwanon sha kusa da ƙafar gado.
Munsharin Hudu na sani,
da shi na yaye 'ya'ya shida,
injin niƙa ne da ba ya jiran mai.
Shirun ne ban taɓa saurara ba.
Ashe yakan tsaya.
Ƙirji na ja, iska ba ta shiga,
kamar mai jan guga da ya maƙale a gargajiyar rijiya.
In ƙirga goma a zuci. Sha biyar. Ashirin.
Sai ya fizgo rai kamar wanda ya nutse ya taso,
ni kuma in saki ƙwallo ɗaya.
Ƙwal.

Kare ya yi haushi a gidan Nakande.
Ƙwal.
Wata ya gangara bayan rumbu.
Ƙwal, ƙwal.
Barci ƙanin mutuwa, haka muke ji,
ban san wan yana leƙowa ɗakina
sau nawa kowane dare ba
ya tsaya bakin ƙofa, ya fasa.

Da ladan ya yi kiran farko na juye kwano:
arba'in da uku.
Hudu ya ce shi barcinsa ya yi lafiya lau.
Ya zauna bisa tabarma ya ƙirga da kansa,
biyar-biyar, yadda yake ware kuɗin ciniki.
Ya ce, "Kin yi wa awon tsororuwa."
Na ce ban ƙara ko ɗaya ba.
Ya daɗe yana juya ƙwallo guda a tafinsa.

Dare bakwai, ƙulli bakwai a tsumma.
Muka koma, muka zauna a benci muna jira.
Ban san sanda bango ya karɓi kaina ba.
Na farka na ga Malama ta kwance ƙullin duka,
ta ce ya riƙa kwanciya ta gefe,
ta rubuta takardar Kano,
sannan ta jawo sabuwa, fara fat.
"Ke kuma, Tabawa, in kina zaune haka,
babu, kaɗan, sau da yawa..."

Na ce kaɗan.
Hudu ya ce, "Kullum."