Rajistar Rafin Guza

Daren da kogi ya shigo Rafin Guza ba sallama,
ya kwashi tabarma da tukunya
har da katin asibitin Inna Barmani,
mun iso da asuba, ƙungiya uku, riga kala uku,
kowa da littafinsa a hammata
kamar masu karɓar haraji.

Na Barnawa suka rubuta ta Barmani Audu.
Mu muka sa Barmani mai ƙosai.
Baƙin Ikko suka ji wani abu dabam, suka rubuta.
Bargo uku ta samu a kwana biyu, tana rantsuwa ɗaya ya ishe ta,
alhali Kasham, can bayan firamare, da goyo,
ko loma ba ta gani ba.
Sunanta bai faɗa littafin kowa ba.

Yunana ne, mai gyaran waya a Kakuri,
ya jingina farantin sola a rufin aji biyar,
ya ce, ku kawo wayoyinku,
wuta ba ta tambayar wa ya aiko ka.
Muka tsugunna gindin soket ɗaya muna jiran caji.
Jira ya kawo hira, hira ta tona mana asiri.

Shugabanmu ya yi jim.
Ya ce, in mun haɗa rajista, wa za a ce ya yi aikin?
Hajiya Lantana tana ƙirga sabulu, ko kai ba ta ɗaga ba:
ruwan da ya ci su bai bar tambarinsa a bango ba?
Je ka duba, ya kai ƙirji.

Ranar aka rubuta lambar sirri da alli a kan allo,
ƙarƙashin jadawalin sau bakwai.
Sabis sai a saman tankin ruwa.
Yunana ya hau, waya a baki,
mu a ƙasa muna ta kirari kamar ya hau rimi,
har sunaye ɗari huɗu da sha ɗaya suka wuce, ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu ƙarfe ɗayan dare. Sauro. Cajina saura tara.
Wani suna ya faɗo daga ƙetaren gada,
hannun da ban taɓa gaisawa da shi ba ya rubuta:
tsoho, ciwon suga, maganinsa ya bi ruwa.

Namu akwatin yana da shi.
Ina takalmina?