Abin da Mai Lalle Ta Gani

Sana'ata ta hannu ce, amma ido ya fi cin riba.
Na yi lalle a Kurna, na yi a Nasarawa,
na riƙe ƙafar da kaushi ya tsaga,
na riƙe wadda ba ta san zafin kwalta ba.
Mace ba ta ɓoye wa mai lalle fata.

Ranar Laraba, gidan Hajiya Mardiyya,
Lantana ce ta kawo mini ruwa a faranti.
Ɗigo uku shuɗaye a gefen bakinta,
jarfa irin ta da, aikin wanzamin garinsu,
da tsinin aska da baƙin tukunya,
tun ba ta iya ɗaura zani ba.
Hajiya ta ce, "In baƙi sun iso ki zauna a kicin,
fuskar nan taki tallan ƙauye take yi."
Lantana ta ja mayafi har haɓa
kamar wadda aka kama da tsoka a hannu.

Sai ga Nusaiba, autar gida,
ta zo hutu daga ƙasar sanyi.
Ta naɗe hannun riga ta miƙo mini:
ɗan tsuntsu a cikin damtse,
fiffike a buɗe, baƙi sumul, aikin inji.
Bakina ba shi da linzami, na ce, "Nawa?"
Ta faɗa tana latsa waya.
Na lissafa a zuci,
ya haura albashin Lantana na wata bakwai.
Hajiya ta yi tsaki, tsaki mai taushi,
"Yaran zamani! Ki rufa mata shi da fure,
kada Abbanta ya gani."
An gama shari'a ke nan, ba a ko tashi tsaye ba.

Ina zana ganye a kan tsuntsu,
raina yana Ƙofar Ruwa, wurin Sallau,
ɗan yayata, mai walda.
Daren da aka kai uwarsa makwanci
ya ɗauki allura da tawadar biro
ya rubuta Tabawa a bayan hannunsa,
harufan a karkace, ba hannun da yake rubutu ba ne.
Ya nemi gadi a wani kamfani a Bompai,
aka dubi hannun, ba a dubi takarda ba.
Ya je gaisuwa gidan su Hansatu,
kawunta ya ce ba sa ba ɗan daba.
Yanzu ko a zafin bazara
rigarsa mai dogon hannu ce, har da maɓalli.

Na san abin da malamai suka faɗa,
ban musa ba, ban isa ba.
Sai dai karatun ɗaya ne,
bulalar ce ta san bayan da take sauka.

Da na tattara kwanona, Lantana ta biyo ni baya,
"Ko akwai ragowa?"
Na zaci ɗigon take so in binne mata.
Ta ce a'a, tafin hannu kawai.
"Wannan ai na Innarmu ne, irin nata sak.
Ba mu da hotonta.
In na yi kewa, madubin Hajiya nake gogewa."

Na hau Adaidaita, magariba ta kawo kai,
muka maƙale a cunkoson Titin Katsina.
Na dubi yatsuna, jajaye har farce,
ni mai sayar da zanen da ruwa ke ci.
Nan da sati biyu furen zai koɗe,
tsuntsu ya fito ya sha iska,
lokacin Nusaiba tana cikin jirgi.
Lantana tana nan.
Kicin ma yana nan.