Tabarau na Ɗaki na Tara

A fayil ɗinsa an rubuta: ba ya magana,
ba ya cin abinci, yana ture hannu.
An rubuta: hankali ya soma tafiya.
Ni ma na sa hannu a ƙasa, makon farko,
don mai aikin dare ba ta musu da biro.

Wilfred Haxby, tamanin da bakwai,
shekara arba'in a jirgin kamun kifi
daga Grimsby zuwa inda ruwa ke daskarewa,
ga shi yau a kujera, jikin taga,
kamar ƙunshin da aka manta a tasha.

Na kawo gasasshen burodi, ya kau da kai.
Na yanka tuffa, ya harare ta kamar ta zage shi.
Sai wata asuba, ina goge masa baki,
na zare haƙoran roba, na haska tocila.
Wayyo. Dasashi ja wur kamar garwashi,
gyambo biyu a ƙasa, ɗaya ya kawo ruwa.
Mutum ya rame, bakinsa ya rame,
haƙoran ne ba su rame tare da shi ba.
Kowace loma, ashe, ƙaya yake taunawa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma wa ya tsaya ya tambayi mai ɗakin?
Mu biyu ne a bene, tsofaffi goma sha tara,
ƙararrawa na kira, agogo na kora.

Abin jin nasa na tsinta a aljihun tebur,
cikin safa, tare da alewa ta narke.
Batirin bai fi ƙwayar wake ba.
Wannan 'yar ƙwaya ta rufe masa duniya.

Tabarau kuwa, ranar da na wanke su
na ga rubutu a gefen ƙarfen:
Doreen, ɗaki na tara.
Doreen ta rasu tun hunturun bara.
Wata goma yana kallonmu da idon matacciya,
muna hazo, muna buɗe baki ba sauti,
muna miƙo hannu mu tuɓe masa riga.
Ni ma da na ture.
Nasa fa? Ƙila suna bisa hancinta a maƙabarta,
tana duban lahira da idon masunci.

Na cika takarda. Na sake cika wata.
Na riƙe waya har shayina ya huce
ana kaɗa min goge, ana cewa in jira.
Likitan haƙori: sai bayan wata biyar.
Mai duba ido ta zo ran Talata da akwati.
A tsakani, miya mai laushi, ruwan gishiri, haƙuri.

Ban ce ya warke ba.
Har yau yakan tambayi matarsa da magariba,
ni kuwa in ce ta ɗan fita.
Amma ran da na danna sabon batir
ya zabura, ya ce wa ya ƙure rediyon nan,
ya ce shayin gidan nan ruwan wanki ne,
ya saurari tsuntsayen teku suna faɗa a kan rufi,
sannan ya juyo: ke, yaya sunanki?
Asabe, na ce.
Ya gwada shi sau uku, yana fita ta gefen baki.

Ƙarfe bakwai na fito, yayyafi, motar farko.
Na tuna Inna a Gusau, da yanar idonta,
da ta ce min kwanan nan fitila ba ta da haske.
Na ce ta sayi sabon ƙwai.
Ni da bakina na ce ta sayi sabon ƙwai.

A jakata akwai kwalbar jan farce.
Da ita nake bi ɗaki-ɗaki yanzu,
ina rubuta wa kowane tabarau sunan mai shi.