Kunne a Jikin Na'ura

Ranar Asabar muka gangaro daga tudun Lurigancho,
ni da 'yata Nélida,
kuɗin a ƙulle cikin safa, safar a cikin rigata.
Sol dubu biyu da ɗari huɗu.
Na ƙirga sau uku a gida, sau ɗaya a mota,
kamar ƙirga na sa kuɗi haihuwa.

Lima ta lulluɓa da yayyafinta na teku
wanda ba ya jiƙa ƙasa, sai ƙashin mutum.
A titin Wilson shaguna sun hau kan juna,
yara da takardu suna jan hannun riga:
nan, uwa, nan, tamu ta fi.

Ita ta zo da lissafinta a bayan takardar kuɗin wuta.
Ƙwaƙwalwa giga sha shida, kar a rage ko ɗaya.
Katin zane mai zaman kansa,
don gadar da za ta zana ta juya a allo ba ta sandare ba.
Ni sha shidan kawai na kama.
Shekarunta ke nan daren da ƙasa ta motsa
ta tsaga mana bangon kicin daga taga har dandaɓe.
Kowa na waje yana addu'a,
ita tana bin tsagar da yatsa:
me ya sa nan, Mama, ba can ba?

Eleodoro, mai tabarau ɗaure da zare,
ya jera mana guda uku.
Ta farko siririya, launin azurfa, kamar faranti.
Idon yarinya ya tsaya a kanta.
Ya faɗi kuɗi, idon ya tashi.
Ta biyu sabuwa fil, da leda a jikinta,
amma giga takwas, kuma an like, ba a ƙari.
Kyan ɗan maciji, in ji ni a raina.

Ta uku baƙa ce, mai kauri, kusurwa ɗaya a goge,
harafi biyu sun koɗe don yawan taɓi.
Wani ofishin masu awon ƙasa ne ya sallame ta.
Nauyinta, ka ce bulo.

Ban san giga ba.
Amma shekara ashirin da shida nake kan keken ɗinki a Gamarra,
na san injin da ke ƙarya.
Na ce ya ɗora mata aiki mafi nauyi.
Ya buɗe wani gini mai hawa talatin, ya yi ta juya shi.
Na kwantar da kunnena a jikinta.
Yaran shagon suka yi dariya, na bar su.
Fanka ta tashi, ta yi gurnani, ta daidaita,
numfashi ɗaya, babu tari, babu kakari.
Na sa tafin hannu a ƙasanta: ɗumi, ba zazzaɓi ba.

Batir fa?
Awa biyu, ya ce, in ta ji daɗi.
Na so shi don bai ce biyar ba.

Mun yi ciniki har shayinsa ya huce.
Ya rage ɗari da hamsin, ya haɗa da jaka,
ya rubuta wata shida da hannunsa, ya buga hatimi.

Kuɗin na rufin bene ne.
Roduna huɗu na can saman gidanmu,
tsaye, sun yi tsatsa, shekara tara suna jiran siminti.
Sai su ƙara biyar. Ƙarfe ne.

A mota ta rungume jakar a ƙirji,
duk wanda ya matso sai ta harare shi.
Ba ta ce na gode ba. Ta ce tana da nauyi.

Yanzu ƙarfe ɗayan dare.
Ina kafe ƙafar wando na arba'in,
tana can gefen tebur, haske shuɗi a fuskarta,
ta auno bangon kicin da tef ɗina na awo.
Kekena na magana, tata na amsawa.
Ta ɗago: Mama, wa ya zuba mana harsashin gidan nan?
Na ce ubanki, da ƙanensa, ranar wata Lahadi.
Ta yi shiru.
Ta ci gaba da dannawa.