Gawon da Akuya Ta Shuka

Ranar noman firi, a gonarmu ta bayan Gwadabawa,
na ɗaga hauya kan wani ɗan tsiro mai ƙaya,
sai Kawu Nahantsi ya riƙe mini ƙota.
"Tsaya, ɗan nan. Ka san mi za ka kashewa?"

Na ce bagaruwa ce.
Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙas,
ya ɗago reshen kamar mai duba hannun jinjiri.
"Dubi tafiyarsa, karkata nan, karkata can,
fari-fari kamar an shafa masa toka.
Ƙaya biyu-biyu a gindin ganye, bakinsu ja.
Bagaruwa baƙa ce. Wanga gawo na."

Ba mu muka shuka shi ba.
Wata akuya ce ta ci 'ya'yansa a wani gari,
cikinta ya tausasa ƙwayar,
ta aje mana ita nan, har da taki.

Muka rage masa rassa, muka bar guda,
muka kewaye shi da ƙayar magarya.
Kawu ya yage bakin jan rawaninsa ya ɗaura,
don 'yan ƙwadago su gani su kauce.

Shekara uku bai wuce gwiwata ba.
Na ce wahalar banza.
Kawu ya ce, "Mai haƙar rijiya, ana ganin kansa?
Ƙasa yake yi tukuna."

Da ya tasa, wata damina,
duk itatuwa sun yi kore shar,
shi kuwa ya tuɓe ganye, ya tsaya tsirara.
Na ruga gida na ce ya mutu.
Kawu ya yi dariya har ya ƙware da fura.
"Gawo, ƙi ruwan Allah!
Rana ya bar wa gero. Jira bazara."

Kawu bai ga bazara da yawa ba bayan nan.

Yanzu hannuna biyu ba sa zagaye gindinsa.
Geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na gefe kai,
shanu na kwana a inuwarsa lokacin da kowa ya rasa inuwa.

Shekaranjiya wani mai sayen itace ya zo da gatari a kafaɗa,
ya ƙwanƙwasa shi, ya taya.
Na ce ba nawa ba ne.
Ya ce na wa?
Na ce je ka nemi akuyar.